Wayar Auta Ta Cika

Kwalin yana nan inda Yaya ya ajiye shi, a gefen keken ɗinkin Auta, ko ledar jikinsa ba a ɓare ba. Auta ta ɗora masa tsumman da take goge man keke da shi, ta ci gaba da taka kekenta kamar ba sabuwar waya ce fil a ciki ba.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ɗaga labule ta shigo, sai ta ja ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Ke dai Auta, Allah ya shirya ki. Tsumma? A kan kayan mutane?"

"Ƙura nake kare masa, Gwaggo. In mai shi ya zo ɗauka ya same shi tsaf."

"Mai shi ai ke ce."

"Ni tawa ga ta can."

Ta nuna tsohuwar wayarta da baki. Tana jikin caja a kan taga, gilashinta ya tsage ta kusurwa, bayanta an liƙe da salatif.

"Wannan gawar?" in ji Gwaggo. "Matar mai kanti ta tare ni a hanya, ta ce ta turo miki hoton ɗinki tun yaushe, kin ce bai buɗe ba. A yi magana a guruf ɗin gida kowa ya ji, ke kaɗai ce kurma. Bawan Allah ya ga halin da kike ciki ya aiko miki da wadda ba kowa ke riƙe irinta ba, ke kuma kina wani ɗaga hanci. Sa'o'inki duk suna ɗakunansu. Me kike jira ne wai?"

Auta ta kai ƙarshen ɗinkin. Ta ciji zare ta yanke.

Maganar wayar dai gaskiya ce. Ta cika har wuya. Saƙo ba ya shiga, hoto ba ya buɗewa, ko murya ta so ɗauka sai wayar ta rubuto mata cewa wuri ya ƙare. Ta goge waƙoƙinta, ta goge hotunanta, ta goge samfurin ɗinkin da ta daɗe tana tarawa. Abin da ya rage shi ne wanda ko a mafarki ba ta taɓawa: saƙonnin muryar marigayiya Umma, da wani bidiyo da Umma ke shanya kaya tana dariya tana cewa a daina ɗaukarta.

Wanda ya aiko kwalin kuwa dilan waya ne da ke neman aurenta, mai babban shago a bakin titi. Auta ce ta laƙaba masa Mai Kwali, don duk abin da zai ba mutum sai a kwali. Ba mugun mutum ba ne, ita dai ba ta son sa. Kuma kowa a gidan ya sani, ranar da ta ɓare ledar nan, ta buɗe masa ƙofa ke nan.

"Yayanki ya ce ki kawo tsohuwar," Gwaggo ta sassauta murya, "a kai shagon a juye miki muryar uwarki cikin sabuwar. Shi ke nan, kowa ya huta."

"Muryar Umma ba za ta shiga kwalinsa ba."

"To ta ina za ta shiga? Ta hannun wancan mai goge-gogen?"

Keken ya tsaya cak.

Wancan ɗin shi ne Sannu-Sannu, mai gyaran waya a layin 'yan waya. Da can shi da Yaya tare suke cin abinci, tare suke yawo, kuma a lokacin ba wanda ya kai shi saurin hannu a layin. Bayan rasuwar Umma wayar Yaya ta ƙame, ya kai masa. Shi kuma cikin gaggawa, bai tambaya ba, ya yi mata filashin, ya wanke cikinta tas. Wayar ta tashi garau, amma duk hotunan Umma da bidiyonta na asibiti sun tafi. Daga ranar Yaya bai ƙara amsa sallamarsa ba. Daga ranar kuma mai gyaran ya canza, ya zama komai a hankali, har aka sa masa wannan suna. Ya kuma kafa wa kansa doka: ba ya goge komai a wayar mutum da hannunsa. Zai nuna, mai waya ya danna.

Shi ne wanda Auta ke so. Shi ne kuma wanda Yaya ya rantse ba zai taka zauren gidansu ba.

Gwaggo na fita, Auta ta miƙe. Ta cire wayarta daga caja, ta ɗauki kwalin da tsummansa ta jefa a jaka, ta yafa mayafi.

*

Shagon Sannu-Sannu ɗan tsukuku ne, mutum biyu in sun zauna gwiwa sai ta taɓa gwiwa. Fitila a kan tebur, ƙananan sukudireba a jere jikin maganaɗisu, ƙaurin dalma ya cika wurin. Yana sunkuye a kan wata waya da ya buɗe cikinta, sai ya ga inuwa ta rufe masa haske.

Ya ɗago. Ya daɗe yana kallonta.

"Auta. Yaya ya san kin zo?"

"Ina wuni, Malam Sannu. Haka ake tarar baƙi a shagonku?"

"Lafiya lau. Yaya ya san kin zo?"

"Gyara na kawo. Ko an hana mata kawo gyara?"

Ta ja kujerar roba ta zauna, ta ajiye wayar a gabansa. Yana ganin salatif ɗin ya gane ta. Ya janye hannayensa daga kan teburin ya ɗora a cinya.

"Wannan ce mai muryar Umma."

"Ita ce."

"Ɗauke ta, don Allah."

"Ba zan ɗauke ba. Ta cika, kuma da cikarta ake so a aurar da ni. Kowa a gida waƙarsa ɗaya, wayarki ta mutu, karɓi ta Mai Kwali. Ka sama min wuri a cikinta in ga da wace waƙar za su tashi."

Ya sunkuyar da kai yana juya wani ɗan sukuru da yatsa.

"Auta, ko za ki karɓa ɗin ne? Mutumin nan yana da rufin asiri. Yaya yana son sa. Ni kuwa in na shiga gidanku, kullum ya gan ni Umma zai tuna. Ban so a ce ta dalilina kika rasa ɗan'uwanki."

Idanunta suka kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Kai ma? Na tsallake Gwaggo, na tsallake Yaya, na ratso kasuwa da rana tsaka, in zo in tarar da wani wakilin Mai Kwali a nan? Nawa ya ba ka?"

"Subhanallahi."

"To kar ka ƙara. In ba ka so na, faɗa min da bakinka, in tashi. Amma kar ka zauna kana yi min rabon miji kamar kai ka haife ni."

Hawayen suka zubo. Ta sa bakin mayafi ta share da ƙarfi, kamar su ma sun yi mata laifi.

"Ina son ki," ya ce a hankali. "Allah ya sani. Tsoro nake ji."

"Ni ma ina ji. Ga ni dai a zaune."

Ya yi ajiyar zuciya, ya jawo fitilar kusa, ya ɗauki murfin biro.

"Riƙe ta a hannunki. Ni zan nuna, ke za ki danna."

"Na san dokar."

"Shiga saitin. Sauko ƙasa. A'a, kin wuce. Nan, wurin ajiya."

Wayar ta yi ta nishi kafin ta buɗe. Layuka suka fito, wani gajere, wani dogo. Ya bi su da murfin biron ba tare da ya taɓa gilashin ba.

"Wannan ɗan guntun hotunanki ne. Wannan na Umma ne, ki yi nesa da shi. To, kin ga wannan dogon da ya kusa kai bango?"

"Na gani. Mene ne?"

"Buɗe."

Ta buɗe. Sai ga hotuna sun zubo jere-jere ba iyaka: duwatsu masu ƙanƙara, teku, motocin tsere, furanni, ruwa mai gangarowa yana motsi, da kyanwowi, fara da baƙa da mai ratsi, wata har da hula.

"Ai na san su," in ji Auta. "Su ne ke fito min a fuskar waya duk safiya. Na zaci wucewa suke yi."

"Ba sa wucewa. Kwana suke. Hotunan bango ne da kayan kwalliyar da kamfani ya zubo wayar da su tun tana sabuwa. Kuma akwai wani maɓalli da aka bari a kunne, duk sanda kika buɗe data sai ya jawo wasu ya ƙara. Masu motsin nan su suka fi ci."

Ta saki baki tana kallonsa.

"Tsaya. Kana nufin na goge hotunan auren ƙawata, na goge samfurin ɗinkina, don kyanwar da ban san uwarta ba ta samu wurin kwana?"

Dariya ta ƙwace masa, ya rufe baki da bayan hannu. Rabon da ta ji dariyarsa har ta manta.

"Da hularta ma," ya ce.

"Yau kuwa za ta kwashe kayanta."

Ya nuna mata maɓallin ta kashe shi tukuna. Sannan ya ce ta danne hoto ɗaya ta riƙe, ta zaɓi sauran. Wasu 'yan kaɗan suka ƙi zaɓuwa.

"Bar waɗannan. An kafe su ne a jikin wayar, ba sa fita sai an fasa ta, mu kuwa ba fasawa za mu yi ba. Koma wurin kwalliyar, ki bar guda ɗaya mara ado, sauran duk ki zaɓa. Yi a hankali. Duba da kyau, ko akwai fuskar mutum a ciki?"

Ta duba daga sama har ƙasa. Ya sa ta sake dubawa. Babu kowa sai dutse da kyanwa.

Yatsanta na kan wurin gogewa ke nan, sai ƙofar shagon ta yi duhu.

*

Yaya ne, cikin rigar aikinsa ta gidan mai, yana haki. Gwaggo ce ta kira shi da ta leƙa ta ga ba Auta ba kwali.

Bai ko kalli mai shagon ba. Idonsa na kan wayar.

"Auta, ba ni wayar nan."

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Na ce ki ba ni! Duk duniya ki rasa inda za ki kawo ta sai nan? Ya cinye min tawa bai ƙoshi ba, kin kawo masa ragowar?"

Sannu-Sannu ya miƙe tsaye, hannayensa a baya.

"Yaya, ban taɓa ta ba. Ba kuma zan taɓa ba."

"Kai, ban yi da kai ba. Kar ka ƙara ce min Yaya."

Masu shagunan kusa suka fara leƙowa. Auta ta gan su, ba ta rage murya ba.

"Ba shi ya kira ni ba, ƙafata ce ta kawo ni. Kuma wayar a hannuna take, duba."

"Abin da ya rage mana na Umma ke nan!" Muryar Yaya ta karye. "Kin san ko turo min na hana ki yi, don ban yarda da hannuna ba. Ɗakinki nake zuwa in saurara. In wannan ta tafi, ina zan ƙara jin ta? Gaya min, ina?"

Hawaye ya cika idon Auta. Ta san gaskiya ya faɗa. Sau da yawa yakan shigo ɗakin ɗinki ya zauna a kan buhun ƙyalle, ya ce ta sa masa wanda Umma ke faɗan an bar mata ƙofa a buɗe, ya saurara, ya tashi ya fita.

"Yaya, ni ma uwata ce. Ba zan yi wasa da ita ba. Amma kai ka ɗauki muryarta ka mai da ita igiya. Ka ce sai na bi ta shagon Mai Kwali kafin in adana ta. Wanda ya yi maka kuskure ya yi kuka, ya ba ka haƙuri har ya gaji, ya canza yadda yake aiki gaba ɗaya saboda kai. Me kake so ya ƙara? Ya mutu?"

"Ina so ya fita harkar gidanmu."

"To ni ina cikin gidan, kuma ban fita harkarsa ba."

"Auta, in kika danna abin nan..."

Ta danna.

Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Ya juya, ya juya. Sai gilashin ya yi baƙi ƙirin.

Yaya ya dafa ƙofa. Sannu-Sannu ya rufe ido, leɓɓansa na motsi. Ita kanta Auta ta ƙanƙame wayar da hannu biyu. Har ƙarar janaretan maƙwabta sai da ta zama kamar daga nesa take zuwa.

Can sai haske ya dawo. Fuskar wayar ta fito shuɗiya, wayam, ba dutse ba fure.

Ta shiga wurin ajiya. Dogon layin nan ya zama ɗan tsito. Ta buɗe na Umma.

"Tana nan?" Yaya ya tambaya, da wata ƙaramar murya kamar ba tasa ba.

"Tana nan. Duka."

Ya saki numfashi, ya juya fuska ga bango yana share ido da hannun riga.

Sai wayar ta fara kuka. Ƙit, ƙit, ƙit, ba tsayawa. Duk saƙonnin da suka maƙale a hanya suka yi ta faɗowa, na masu ɗinki, na ƙawaye, na guruf ɗin gida. Auta ta yi murmushi cikin hawaye, ta taɓa na gida don ta gwada.

Muryar Gwaggo ta cika shagon.

"Jama'a, albishirinku! Auta dai ta karɓi wayar. Yayanta ya kai mata, tana ɗakinta yanzu haka. Sai a fara shiri."

Murmushin ya ɗauke. Ƙarƙashinsa kawunai da innoni sun yi ta sa albarka. Sai na Baba, gajere kamar yadda ya saba tun da Umma ta rasu ya bar wa Yaya da Gwaggo ragamar gida:

"To. In ta karɓa da kanta, ku ce wa mutanensa su zo ƙarshen mako."

Ta duba ranar da aka turo. Tun washegarin zuwan kwalin ne.

Ta ɗago ta kalli Yaya. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Ashe shi ya sa ba wanda ya damu da gaya min baki da baki," ta ce. "Kun san ba na ji. Kuna can kuna ɗaura min aure a cikin waya, ni ina nan ina goge hotunana."

"Don alherinki ne, Auta."

"Na gode."

Ta buɗe jaka, ta fito da kwalin, ta cire tsumman ta mayar jaka. Ta kamo hannun Yaya ta ɗora masa.

"Ga amanarka. Duba ledar, ko ƙwarzane babu."

Sannan ta danne wurin ɗaukar murya. Wannan karon wayar ba ta ce wuri ya ƙare ba.

"Assalamu alaikum. Baba, Gwaggo, kawunaina da innonina, Auta ce. Yau wayata ta warke, yau na ji abin da aka faɗa. Ban karɓi wayar kowa ba. An ajiye min ita ne, ban buɗe ba, ga ta a hannun Yaya zai mayar. A ba mai ita haƙuri, kar a wahalar da manyansa. Baba, ka ce in na karɓa da kaina. To ban karɓa ba. Wanda nake so kun san shi, a shagonsa nake tsaye yanzu, Yaya na wurin. In laifi ne, ni na yi, ku kira ni ku yi min faɗa. Amma don Allah kar a sake amsawa da bakina."

"Kar ki tura," in ji Yaya.

Ta saki yatsa. Saƙon ya tafi.

Suka tsaya su uku suna kallon gilashin. Alamar an saurara ta fara fitowa, ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta fara rubutu, ta fasa, ta sake farawa.

Sai wayar ta ɗauki ruri. Baba.

"Fita waje ki ɗauka," Yaya ya ce da sauri. "Kar ya ji inda kike."

"Ai na riga na gaya masa."

Ta ɗauka, ta sa a lasifika, ta ɗan rusuna kamar yana gabanta.

"Baba, ina wuni."

Ana jin numfashinsa.

"Yayanki na nan?"

"Yana nan, Baba."

"Kai, da bakinta ta ce maka ta karɓa?"

Yaya ya kalli kwalin da ke hannunsa.

"A'a, Baba."

"Shi wancan ɗin fa, yana jina?"

Sannu-Sannu ya durƙusa a tsakanin tebur da kujera, gwiwarsa ta bugi akwatin kayan aiki, sukurori suka watse a ƙasa.

"Ina ji, Baba."

"Ku taho gida, ku ukun. Yanzu. Ban ce na yarda ba, ban ce na ƙi ba. Ina so in ga fuskar kowa."

Ya kashe.

Yaya ya gyara riƙon kwalin. Ya rantse Sannu-Sannu ba zai taka zaurensu ba, ga shi mai gidan da kansa ya ce a shigo.

Sannu-Sannu ya kashe fitila. Kwaɗon ya suɓuce masa sau biyu kafin ya rufe shagon. Mutanen layin suka yi cirko-cirko, don ba su taɓa ganin ya rufe da rana ba.

"Auta," ya ce ƙasa-ƙasa, "in ya kore ni fa?"

Ta gyara mayafinta, ta jefa wayar a jaka.

"Sai ya kore ka ina tsaye. Mu je."

Ta shige gaba ta ratsa tsakiyar layin, kanta a sama. Su biyun suka biyo ta, kowa da gefensa, ba mai kallon wani.